Wanda Ya Ɗaga Igiyar Kalguwa

Sallama gare ku masu bibiyata. Na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce in na ƙara ɓacewa sati biyu za ta biyo ni har Brik ta ƙwace wayar ta rubuta da kanta. 'Yar'uwa, da kin zo da kin taimake ni. Ba yanga ce ta hana ni rubutu ba, hannuna ne ya ƙi. Yau dai zan faɗa muku abin da na je na ɗauko da ƙafata, in ya so ku zage ni, na cancanta.

Ga sababbin zuwa: sunana Afra'u, shekarata ashirin da uku. Gidanmu yana Briqueterie, wato Brik, a Yaoundé, layin teloli, inda ƙarar keke ba ta yankewa sai an ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Babana, Malam Mohaman Bello, shi ba ya taɓa keke. Aikin hannu yake yi, ɗinkin wuyan babbar riga, aska biyu da aska takwas, kuma shekara talatin ke nan yana kan buzu guda a shagon da ke manne da zaurenmu. Innarmu ta rasu ina ƙarama, yayata Adda Zaitun ce ta raine ni, kuma har yau da take gidan mijinta a Elig-Edzoa ba ta sauka daga wannan muƙamin ba. Ni ina taya Baba ɗinkin hula, don na fi shi ido.

Wanda nake so sunansa Muhyiddeen. Dogo ne, siriri, kullum cikin kaftani ruwan toka da ya sha wanki, da igiyar abin saurare rataye a wuya. Yana da ɗan akurkin katako a bakin titi inda yake tura wa mutane finafinai a memori, amma sana'arsa ta gaske fassara ce. Sai ya ɗauki fim ɗin Turawa, ya rage musu murya, ya ɗora tasa da Hausa. Shi ne namijin, shi ne macen, shi ne tsohuwar, shi ne har injin da ke magana. Murya bakwai gare shi, in yana aiki ko ni ba na gane shi.

Sai dai fa ba ya taɓa fim ɗin soyayya, balle na dariya. Nasa duk na ƙarshen duniya ne. Garin da ruwa ya ƙare aka koma kashe juna kan jarka guda. Birnin da ciyawa ta cinye titunansa, motoci a tsaye ba kowa a ciki. Zamanin da injuna ke ƙirga mutane da safe su rage wasu da yamma. Kuma abin mamaki, Brik ta kamu. A shekarar nan da muke ciki, da kullum sai an ji bam ya tashi a arewa, da in ka fita ba katin shaida a aljihu kana iya kwana inda ba ka shirya ba, da direban taksi ke kallon hijabinki ya wuce kamar bai ji kiranki ba, sai ga masu tsire da teloli suna layi don su kalli duniya tana rushewa. Wani mai shayi ya ce shi in ya kalla yakan ji sauƙi, don ko ba komai mu har yanzu famfo yana kawo ruwa ranar Laraba.

Wata rana da la'asar yana zaune a zaurenmu na tambaye shi. Na sa atamfata mai ganye-ganye, na yi kwalli, na kawo masa zoɓo mai sanyi, shi kuwa yana ba ni labarin wani gari da toka ta binne.

Na ce, “Wai kai me kake gani a cikin finafinan nan? Samari suna tura wa 'yan matansu waƙa, kai kana turo min gawa.”

Ya yi ɗan murmushi ya juya kofin a hannunsa. “A nan Yaoundé kowa yana tafiya kamar ba abin da ya faru, Afra'u. Ana cin tsire, ana kallon ƙwallo. In na ce garinmu babu shi, sai a ce Allah sarki, a ci gaba da hira. Finafinan nan su kaɗai ke nuna irin garin da na baro. In na ga titi ba kowa, ƙofa a buɗe, takalmi ƙafa ɗaya a tsakar hanya, sai in ji ba ni kaɗai na taɓa gani ba.”

“To ba ya tayar maka da hankali?”

“Yana tayarwa. Amma kin lura da abu guda? Duk yadda aka kashe duniya, a ƙarshe ana barin mutum biyar ko shida su fita da rai. Ni kuma ni ke sa musu suna.”

Na lura mana. Ba ya amfani da sunayen Turawan. Yarinyar da ke tsira kullum Jaratu ce. Tsohuwar da ke ɓoye iri a zani, Karimatu, kuma in ya zo kan muryarta har lallaɓawa yake yi. Sannan a kowane fim akwai mutum guda da ke jawo musiba: wanda ya buɗe ƙofar ganuwa, ko ya yi barci a bakin gadi, ko ya danna abin da aka ce kar a danna. Wannan kullum sunansa Awwal. Har yaran layinmu sun ɗauka, in wani ya bar ƙofa a buɗe akuya ta shiga sai ka ji an ce kai Awwal ne. Ni ma na sha faɗa ina dariya, Allah ya yafe min.

Garinsu Kalguwa, wani ƙauye bayan Mora kusa da iyaka. Abin da ya gaya min ke nan: an kai hari, mutane sun watse, iyayensa sun rasu. In na matsa sai ya sauya magana, ni kuma sai in ƙyale shi.

Da maganar aure ta taso, Baba ya kira shi shago. Ina bayan labule, kun san hali.

Baba bai ɗago daga allurarsa ba ya ce, “Yaro, ni ba na tambayar me kake da shi. Amma a gidan nan ba a ba da mace sai an yi bincike. Da garinku yana nan, da na tura mutum biyu su kwana uku suna tambaya. Tunda babu, ka kawo min mutum guda mai furfura wanda ya san mahaifinka, ya zauna a kan buzun nan ya ce ya san ku. Daga nan zuwa Babbar Sallah.”

Muhyiddeen ya ce to. Amma wata biyu suka wuce bai kawo kowa ba. Kullum amsarsa guda ce: wasu suna sansani, wasu sun tsallaka Chadi, ba shi da lambar kowa.

Adda Zaitun kuwa abin nema ya samu. Ranar Asabar ta zo da leshinta ruwan goro da ɗaurin da ya kusa taɓa silin, ta zauna a bakin gadona tana fifita da murfin kwano.

“Afra'u, ki dawo hayyacinki. Mutum ba uwa, ba uba, ba ko ɗan'uwan nesa da zai ce ya taɓa cin tuwo a gidansu? A wannan zamanin? Ranar da aka zo kamen unguwa aka tafi da shi, wa za ki kira? Ga Abdulrauf na Cité Verte yana ta aiko gaisuwa, wanda har kakar kakarsa an san layin da ta soya ƙosai.”

“Adda, ni ba ƙosai zan aura ba.”

“A'a, gawa za ki aura. Mutumin da bai da abin kallo sai tashin alƙiyama, ki bincika, akwai abin da ke cin sa.”

Na zumɓura baki na juya mata baya. Yau ga shi ina rubuta maganarta da hannuna, kuma ba zan iya cewa ƙarya ta yi ba.

Abin da ya ƙara min ƙarfi shi ne Baba da kansa. Da farko cewa ya yi wanda ya san surorin alƙiyama ba ya buƙatar Bature ya zana masa ita. Amma aikin hannu yana da kaɗaici, ido yana kan allura, kunne kuwa ba shi da aikin yi. Wata rana na kunna ɗaya ina ɗinkin hula a gefensa, da na tashi zan kashe sai ya ce, “Bar shi mana, yarinyar nan ta samu rijiyar?” Daga ranar ya zama ɗan gari. Sai ya kife wayar a cikin kwanon zare don kar a ce ya kalla.

“Ni ba kallo nake ba,” in ji shi, “ji nake.”

Sha ɗaya ya ji, bai ga hoto ko ɗaya ba. In aka zo wurin da Awwal zai buɗe ƙofa sai ya tsayar da allura ya girgiza kai ya ce, “Kai, wannan yaro bai ji daɗin halinsa ba.” Bayan haka ne na ga ya yanko shadda ruwan madara mai tsada, ya fara aska biyu a wuyanta da zaren tsamiya. Ba wanda ya kawo aikin. Na auna tsawonta da ido, na ga a duk layinmu mutum guda ne zai sa ta ba ta ja ƙasa ba. Ranar ko abinci ban iya ci ba don murna.

Abin da ya rage mai furfura ne kawai, ga Sallah tana ta matsowa.

Mijin Adda, Yaya Alim, mahauci ne a Etoudi. Ya zo ɗaukar ta, yana shan ruwa a tsakar gida, sai ya ce, “Af, fim ɗin saurayinki ya haukata mana wani tsoho a karar shanu. Cikin masu rako shanu daga Ngaoundéré yake. Kullum sai ya sa a kunna masa wurin da yarinyar nan Jaratu ke fitowa daga rami, ya kalla, ya ce a mayar baya. Wai sunayen duk na garinsu ne, yana ta tambaya wa ya yi.”

Na ce, “Wane gari?”

“Kal-wani-abu. Kalguwa.”

A nan ne na yi kuskuren. Da na ɗauki waya na gaya wa Muhyiddeen, da duk abin da zai faru ya faru tsakanina da shi. Amma na ce a'a, ba-zata zan yi masa. Na riga na hango fuskarsa in ya shigo ya ga ɗan garinsu zaune a kan buzun Baba. Na hango har hawayen da zai yi.

Washegari na zura dogon hijabina ruwan bula, na ce wa Baba zan je sayen zare, na tari taksi sai Etoudi. An yi ruwa da safe, karar shanun ta zama taɓo da kashi, takalmina mai duwatsu bai dawo da ransa ba. Yaya Alim ya kai ni wata rumfar kwano, ya nuna min wani tsoho baƙi mai farin gemu, sanda a tsakanin gwiwoyinsa. Sunansa Garga.

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce mai fassarar nan shi ke neman aurena, sunansa Muhyiddeen.

Ya daɗe yana tunani. “Ban san Muhyiddeen a Kalguwa ba, 'yata. Amma samari da yawa sun tashi a makarantun birni, ba duka na riƙe ba. Wanda dai ya san sunayen nan ɗan gida ne, ko tantama babu. Jaratu 'yata ce. Ita kaɗai ta rage min a da. Tana da shekara sha bakwai ta rasu.” Ya shafa gemunsa. “A wayar nan kullum tana fita da rai. Na san ba ita ba ce, Baturiya ce mai jan gashi. Amma in aka ce Jaratu, taho, sai ta taho.”

Na ce Allah ya jiƙanta.

“Amin. Kuma yaron ya san wanda ya cuce mu, tunda har Awwal bai manta ba.” Ya tofar da yawu gefe.

Na ce, “Baffa, ashe Awwal ɗin ma mutum ne na gaske?”

“Na gaske kuwa. Lokacin da abin ya tsananta, sai muka ɗaura igiya a bakin gari, samarinmu suna gadi bi da bi. Duk mai shiga kasuwa sai an lalube shi, an buɗe kayansa, ko liman ne. Ranar Talata, ranar kasuwa, Awwal ɗan Malam Kabo ne a kan igiya. Sai ga yayansa, wanda ya ɓace shekara biyu kuma kowa ya san wurin su wa ya tafi, yana turo baro da buhunan albasa. To mu haka aka raine mu, ƙani ba ya sa hannu a jikin yayansa ya lalube shi. Ya rungume shi, ya ce ka dawo, Inna tana rumfar daddawa. Ya ɗaga masa igiya.” Shanu suna ta kuka a bayanmu. “Ba a yi minti biyar ba bam ya tashi. Mutum ashirin da shida. Har da uwar tasu, Karimatu. Daga ranar gari ya watse, shi kuma Awwal ya gudu tun ba a gama haƙa kaburbura ba.”

Na yi kuka a rumfar nan, amma wallahi ko kusa zuciyata ba ta kawo min komai ba. Tausayin Muhyiddeen kawai na ji, na ce ashe abin da ya gani ke nan. Na roƙi Baffa Garga ya zo gidanmu ranar Juma'a bayan masallaci ya ga yaron, in ya gane gidansu ya yi masa shaida. Ya ce ko don Jaratu zai zo.

A taksi na tura saƙo: “Baba yana son ganinka Juma'a bayan an sauko. Ka sa kaftanin nan mai ruwan ƙasa, ka bar igiyar kunnen nan a gida don Allah.”

Ya amsa: “Lafiya dai?”

Na rubuta: “Alheri ne. Ka yarda da ni.” Har da hoton zuciya guda uku na sa.

Ranar Juma'a tun safe na share zaure, na turara shi, na shimfiɗa sabuwar tabarma. Na dafa shinkafa da miyar gyaɗa, na sa doguwar rigata mai ruwan zuma da gyale mai ƙyalli. Adda ta zo don kar a ba ta labari. Baffa Garga ya riga isowa, ya zauna da Baba a shago, kafin a kawo ruwa har ya ba shi labarin igiyar kamar yadda ya ba ni. Baba yana ji, rigar nan ruwan madara tana kan cinyarsa yana ɗinki.

Na ɗauko tire da kofuna uku, na ɗaga labule ke nan sai ga sallamar Muhyiddeen. Ya cire takalmi ɗaya, ya sa ƙafa a kan tabarma, ya ɗago kai.

Tsohon ya dube shi. Bai tashi ba, bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, “Awwal.”

Na jira ya ce ba shi ba ne. Na jira ya yi dariya ya ce Baffa ka yi makuwa. Ƙofa tana bayansa a buɗe, ko gudu ya yi da na samu abin riƙewa. Sai ya cire ɗaya takalmin, ya shigo, ya durƙusa a gaban tsohon, kansa a ƙasa.

“Na'am, Baffa.”

Ban san lokacin da na ajiye tiren ba. Adda ce ta riƙe ni ta baya, kuma Allah ya saka mata, ba ta yi min gori ba.

Allurar Baba ta tsaya. Fim sha ɗaya ya ji da kunnensa, ba ya buƙatar a yi masa bayani. Ya daɗe yana kallon wanda ke durƙushe, sannan ya juya wurin baƙonsa, don shi Baba in ya fara abu sai ya kai shi ƙarshe.

“Malam Garga, an kira ka shaida ne. Ka san mahaifinsa?”

“Na san shi. Malam Kabo shi ya karantar da rabin garinmu, Allah ya ɗauke shi kafin fitinar. Gidansu ba ɓarawo, ba mashayi, ba mai taɓin hankali. Shi ma wannan har ranar Talatar nan ba wanda ya taɓa kawo ƙararsa.”

“Da gangan ya yi?”

“A'a. Kunya ce. Da ni ne a kan igiyar, yayana ya zo, ban san abin da zan yi ba.”

Na ce a raina, to ai shi ke nan, shaida ta yi kyau. Sai Baba ya yi tambayar da ake rufe kowane bincike da ita, wadda na sha ji yana yi a kan 'ya'yan wasu.

“In kai ne, za ka ba shi 'yarka?”

Tsohon ya dafa sandarsa ya miƙe. “Ba ni da 'ya, Malam.”

Ya kai bakin ƙofa, ya tsaya, bai juyo ba ya ce, “Kai kuma, ban yafe ba, kuma ban ce zan yafe ba. Amma kar ka daina sa sunanta.” Ya sa takalminsa na roba ya fita, ko ruwan bai sha ba.

Baba ya ce wa wanda ke durƙushe ya tashi ya je, zai neme shi. Ya tashi. Ya wuce ta gabana bai dube ni ba, na ga kaftanin da na zaɓa masa ya jiƙe sharkaf a baya.

Bayan la'asar Baba ya kira ni shago. Ya naɗe rigar ya ɗora min a hannu, a kanta ya sa allura da sabuwar reza a takardarta.

“Abin da ya yi a garinsu tsakaninsa da Allah ne, ni ba alƙali ba ne. Amma ya zauna a kan buzuna da sunan da ba nasa ba, ya bar ni ina zaginsa a gabansa yana amsa min da amin. Allurata ta fita daga rigar nan. Layi bakwai ya rage a wuyan. In kin warware, na ji amsarki. In kin ƙarasa, ba zan hana ki ba, amma ba ni zan miƙa ki ba, sai ki nemi wani waliyyin cikin baffanninki. Ki kawo min ita kafin Sallah.”

“Baba...”

“Je ki, Afra'u. Ke kika fi ni ido.”

Ina shiga ɗaki saƙonsa ya shigo. Har yanzu a wayata sunan da na sa masa ne, Muhyi nawa.

“Sunana Awwal Kabo. Ni na ɗaga igiya. Ban canja suna don in yaudare ki ba, na canja ne don ba na iya amsa shi. Duk abin da kika yanke daidai ne.”

Kwana uku ban amsa ba. A na huɗu na rubuta tambaya guda: “Da ban kawo Baffa Garga ba, yaushe za ka gaya min?”

Na so ya yi min ƙarya, ku ji da kyau, na so ya ce bayan Sallah, ko ranar ɗaurin aure, ko in mun haihu. Sai ya rubuto: “Na gaya miki sau sha ɗaya. Da bakina kuwa ba na jin zan taɓa iyawa.”

Na yi jifa da wayar kan katifa. Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, kuma ina son sa, duka ukun a lokaci guda, ba wanda ya rage wa wani wuri. Ina tuna yadda na kira yaron maƙwabta Awwal a gabansa don ya bar ƙofa a buɗe, ya taya ni dariya. Na koma na kunna finafinan ɗaya bayan ɗaya, wannan karon na kife wayar kamar yadda Baba ke yi. A cikin muryoyi bakwai ɗin nan, ta mai buɗe ƙofa ce kaɗai bai sauya ba. Muryarsa ce ta zaure, wadda yake ce min sannu da aiki da ita, kuma wata takwas ina ji ban gane ba.

Akurkinsa yana rufe tun ranar. Masu tsire suna ta tambaya yaushe sabon fim zai fito. Adda kullum sai ta kira, ba ta ambaci Abdulrauf ba ko sau ɗaya, tambayarta kawai ko na ci abinci. Baba kuwa yana ɗinkinsa shiru, kwanon zaren nan ba waya a ciki. Jiya na ga ya kasa zura zare har sau huɗu, bai kira ni ba, ni ma na kasa zuwa.

Sallah saura kwana uku. Rigar tana kan cinyata yanzu da nake muku rubutun nan. Rezar na ɓare ta daga takarda tun ranar farko, tana nan kan akwati ban taɓa zare da ita ba. Kuma tunda na ce yau ba zan ɓoye komai ba: layi bakwai Baba ya bari, na ɗinke shida. Na bakwai ne hannuna ya ƙi, don duk sanda na soka allurar sai in ji tsohon nan yana cewa ba shi da 'ya, in tuna ni ma ina shirin sa wani tsohon ya faɗi haka.

Yanzu Baba ya yi gyaran murya daga shago ya ce, “Afra'u, kawo rigar nan in gani.”

Ban amsa ba. Ga shi can yana kira karo na biyu.